Zurfin cikin wanda zan aura yana tayar mini da hankali

'Yar Tudun Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana halayyar ɗan'adam da kuma iyayenmu da yayyenmu da suka riga mu shiga gidan aure, domin al'amarin da zan kawo ya daɗe yana ci mini rai, kuma na rasa wanda zan tattauna da shi a gida ba tare da an mayar da maganar wani abu daban ba.

Shekaruna 24, na kammala karatun koyarwa, kuma an sa ranar aurena bayan babbar salla da wani saurayi mai shekara 29 da ke sayar da kayan gyaran babur. Iyayena sun yi bincike a kansa kafin su karɓi gaisuwarsa, ba su kuwa sami abin aibu a addininsa ko a mu'amalarsa da jama'a ba. Ni kaina shaida ce a kan kirkinsa, domin lokacin da mahaifiyata ta kwanta a asibiti shi ne ya yi ta zirga-zirgar sayo magani da kai abinci, bai kuma taɓa nuna gajiya ba.

Damuwata ita ce har yau ban san abin da ke cikin ransa ba. Idan ya zo zance zai tambaye ni gida da makaranta, ya saurare ni da kyau, amma da zarar na juyo da tambayar kansa sai ya ce lafiya lau, ya ɗauko maganar lefe ko ta fentin gidan da za mu zauna. Kwanakin baya ya ɗauke ƙafa, ba ya ɗaga waya, saƙonnina na WhatsApp suna nuna an karanta amma babu amsa. Daga baya a bakin ƙanwarsa na ji cewa kayan da ya saro daga Legas ne suka salwanta a hanya, ya yi asara mai yawa. Da ya dawo na nuna masa na sami labari, sai ya ce bai ga amfanin ɗora mini damuwa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A tsawon wannan lokaci na kasa barci, ina ta kira ina ta duba waya, zuciyata tana raya mini ko ya fasa ne ko ya sami wata. Na kuma lura cewa duk lokacin da na matsa masa da tambaya sai ya ƙara janyewa, janyewarsa kuwa sai ta ƙara mini tsoro. Mahaifiyata ta ce haka maza suke, in yi haƙuri. Ƙawayena sun ce namijin da ba ya faɗa miki cikinsa bai ɗauke ki a bakin komai ba. Shi ɗan fari ne, kuma kakarsa ta wajen uba ce ta riƙe shi tun daga yaye, ko da wannan yana da alaƙa da maganar.

Me yake sa mutum ya so ki har ya wahala dominki, amma ya kasa buɗe miki zuciyarsa? Wannan halin yana sauyawa bayan aure, ko kuwa haka zan zauna da shi?

Malamin Kwaleji ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan'adam ga ɗaliban koyarwa, kuma abin da kika kwatanta yana daga cikin abubuwan da aka fi nazari a kansu a wannan fanni, don haka zan ɗan tsawaita.

Tushen bayanin yana komawa ga wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan yaran da suka rasa kulawar iyaye. Ra'ayinsa shi ne kowane jariri yana zuwa duniya da buƙatar wani babba da zai guda wurinsa idan ya tsorata, kuma irin amsar da yake samu ita ce take koya masa ko neman taimako yana da amfani ko ba shi da shi. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta fara gwada wannan ra'ayi ne a Afirka, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta ƙasar Uganda, tsakanin 1954 da 1955, sannan ta ci gaba a Baltimore ta Amurka. A can ta tsara gwajin da uwa take barin ɗanta ɗan shekara guda a ɗaki na ɗan lokaci sannan ta dawo. Wasu yaran sukan yi kuka, amma da uwar ta dawo ta ɗauke su sai su natsu su koma wasa. Wasu sukan maƙale mata suna kuka suna ture ta, rarrashi ba ya shigar su da wuri. Wasu kuma sukan kawar da kai kamar ba su damu da fitarta ko dawowarta ba, kuma binciken da aka yi daga baya ta hanyar auna bugun zuciya ya nuna cewa su ma hankalinsu a tashe yake, sun dai koyi ɓoyewa ne.

A 1987 wasu masana biyu, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka nuna cewa ana ganin waɗannan salo uku a soyayyar manya. A cikin waɗanda suka amsa tambayoyin da suka buga a wata jarida ta birnin Denver, kimanin kashi 56 cikin 100 sun ce kusantar masoyi da dogaro da shi ba ya yi musu wuya, kashi 25 sun ce kusanci mai yawa yana takura su, kashi 19 kuma sun ce kullum suna fargabar za a guje su. Waɗannan alƙaluma na Amurkawa ne, ba namu ba, amma halayen da suka siffanta duk wanda ya zauna da mutane ya san su.

Idan na auna da abin da kika rubuta, saurayinki ya fi kama da mai janyewa idan ya shiga matsi, ke kuma kin fi kama da mai neman tabbaci da gaggawa idan kika ji shiru. Ina roƙon ki ki lura da cewa ku biyun abu guda kuke gudu, wato rasa juna da zubewar ƙima a idon juna, hanyoyin kariyar ne suka saɓa. Shi a ganinsa yana kare ki da kare mutuncinsa idan ya yi shiru har sai ya shawo kan matsalar. Ke kuma shirun ne babbar barazana a wurinki, domin zuciya ba ta barin gurbi babu bayani, sai ta cike shi da mafi munin zato. Kiranki na biyar yana isa gare shi a matsayin tuhuma, rashin ɗagawarsa kuma yana isa gare ki a matsayin wulaƙanci, alhali babu wanda ya yi nufin haka a cikinku. Masu nazarin zaman aure, irin su Andrew Christensen, sun daɗe da bayyana wannan zagaye na mai bi da mai janyewa, kuma sun same shi yana tafiya tare da rashin jin daɗin aure idan aka bar shi ya zama al'ada.

Game da tambayarki ta farko, hidima da buɗe zuciya ƙwarewa ce iri biyu, kuma mutum yana iya mallakar ɗaya ya rasa ɗaya. Sayo magani da kai abinci asibiti yana sa namiji a matsayin mai bayarwa, matsayin da aka yaba masa a kansa tun yana yaro. Faɗin cewa ya yi asara kuma yana jin tsoro yana sa shi a matsayin mai buƙata, wanda mai yiwuwa bai taɓa tsayawa a cikinsa ya ga an tarbe shi da kyau ba. Harry Reis da Shaver sun bayyana a 1988 cewa shaƙuwa tana ginuwa ne ta matakai biyu masu bin juna: ɗaya ya bayyana wani abu na cikin ransa, ɗayan kuma ya amsa ta yadda mai maganar zai ji an fahimce shi, an ɗauki maganarsa da muhimmanci, an kuma damu da shi. Idan amsar ta zo da kyau sai ya ƙara kaɗan a karo na gaba, idan kuma ta zo da faɗa ko firgici ko yaɗa maganar sai ƙofar ta ƙara rufuwa.

Amsar tambaya ta biyu ita ce halin yana sauyawa, amma ɗaurin aure shi kaɗai ba ya sauya shi. Abin da ke sauya shi shi ne maimaituwar lokutan da mutum ya nuna rauninsa bai ga sharri ba. Shawarata ita ce kada ki fara da neman ya faɗa miki komai. Ki nemi abu ƙarami bayyananne a lokacin da babu rikici, misali ya yi miki alƙawarin cewa duk ranar da ya shiga damuwa zai turo saƙo ko na layi ɗaya ne, ya ce yana cikin wani hali, ba ke ce dalili ba, zai neme ki jibi. Ke kuma ki yi masa alƙawarin cewa idan saƙon ya zo za ki bar shi har jibin. Wannan yana ba shi sararin da yake buƙata, ke kuma yana ba ki tabbacin da kike buƙata.

Hajiya Uwargida ta amsa:

'Yata, Allah ya sanya albarka a wannan aure. Malam ya yi bayani mai amfani, amma akwai wurin da nake so a yi hattara, domin kin ambaci riƙon kaka, kuma ina tsoron ki fita daga nan da tunanin cewa an yi wa yaron nan wata illa tun yana ƙarami.

A zamaninmu yawancin 'ya'yan fari haka suka tashi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan an yaye shi kaka ko goggo ta ɗauke shi, kuma duk wannan alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Yaron da kaka ta riƙe sau da yawa ya fi 'yan'uwansa samun gata, domin a bayanta yake barci, a kwanonta yake ci, ita ce abokiyar wasansa, ita ce kuma yake faɗa wa abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Na ga 'yan riƙon da suka tashi da sakin fuska da yawan hira, na kuma ga waɗanda suka tashi a ɗakin uwarsu suka zama miskilai. Saboda haka kada ki ɗora wa baiwar Allah nan laifin da ba ki tabbatar ba.

Abu na biyu, ki dubi inda kuke zancen. Yana zaune a zaure ko a falon mahaifinki, ƙannenki suna shiga suna fita, ana leƙowa a ce an kira salla ko dare ya yi, shi kuma yana sane da cewa a gidan surukai yake, inda ko abinci ba zai iya sakin jiki ya ci ba. Wane namiji ne zai zauna a nan ya ce jarinsa ya karye? Maigidana, Allah ya ƙara masa lafiya, mai zurfin ciki ne na gaske, kuma a farkon zamanmu ba daga bakinsa nake sanin damuwarsa ba. Idan ya dawo kasuwa ya ci loma biyu ya ture kwano, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa ya zauna a tabarma ba tare da ya cire hula ba, na san ranar ba ta yi kyau ba. Sai in kawo masa ruwa in zauna kusa ina tsinke zogale ko ina ninke kaya, ban tambaye shi komai ba. Yawanci a irin wannan zaman ne, idonsa yana wani wuri, maganar take fitowa da kanta. Da na tsare shi da ido na ce sai ya faɗa, da babu abin da zan samu.

Sai dai ban yarda da a ce miki haka maza suke a rufe maganar ba, domin shiru iri biyu ne, kuma wajibi ne ki gane wanne ne nasa kafin a ɗaura. Akwai wanda yake shiru don abin ya yi masa nauyi, idan ya sauka sai ya dawo da fara'arsa, har ka ga yana neman hanyar gyarawa. Akwai kuma wanda yake shiru don ya hukunta, ya ƙaurace wa matarsa mako guda a gida ɗaya, ba ya amsa gaisuwarta, ba ya cin abincinta, sai ta durƙusa ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta sani ba. Wannan na biyun gaba ce, kuma na ga ta kashe aure fiye da talauci. Tunda kina shiri da ƙanwarsa, ki lura da yadda yake yi idan sun saɓa da 'yan gidansu: yana daina magana da su har sai an roƙe shi, ko kuwa yana hucewa da kansa? Abin da yake yi wa 'yan ɗakinsu shi za ki tarar.

Malamin Kwaleji ya sake cewa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, gyaranki yana kan hanya, kuma binciken masana yana goyon bayanki. An taɓa yin irin wannan nazari a ƙasar Hausa kanta. Robert Marvin tare da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun lura da jarirai 18 a gidajen Hausawa, aka buga sakamakon a 1977. Sun tarar jariran sun shaƙu da fiye da mutum ɗaya a gidan, galibi uku ko huɗu, kuma akwai wadda ya fi neman ta idan hankalinsa ya tashi, wadda ba lallai ne ta kasance mahaifiyarsa ba, sai dai wadda ta fi ɗaukarsa da kula da shi. Ma'ana, abin da yaro yake buƙata shi ne a samu mai amsa kukansa, ko uwa ce ko kaka ko goggo.

Abin da na fi zargi a tarbiyyar 'ya'yanmu maza yana zuwa ne daga baya, lokacin da yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya faɗi ya zo yana kuka a ce masa namiji ba ya kuka, ko ya faɗi tsoronsa a yi masa dariya a ce ya zama mace. Ɗan fari kuma ana ƙara masa da cewa shi ne babba, ƙannensa suna kallonsa. Wanda aka yi shekara ashirin ana koya masa haka ba zai warware shi a zance goma ba.

Bambancin da kika kawo tsakanin shirun nauyi da shirun hukunci shi ma yana da tushe. John Gottman na Jami'ar Washington ya auna bugun zuciyar ma'aurata suna cikin gardama, ya ga cewa idan ya haura kusan 100 a minti guda mutum ba ya iya sauraro da kyau, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Janyewa na ɗan lokaci don a huce abu ne mai kyau muddin an faɗa kuma an dawo kan maganar. Janyewar da babu sanarwa kuma babu dawowa ita ce ya lissafa cikin manyan alamomin mutuwar aure, tare da suka da raini da yawan kare kai.

Magidanci Sabo ya amsa:

'Yar'uwa, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu, domin ban daɗe da wuce wannan matakin ba. Saurayin da aka sa wa rana yana jin kamar kowa auna shi ake yi. Lefe yana gabansa, kuɗin haya ko gyaran gida suna gabansa, sadaki da hidimar biki suna gabansa, kuma ya san dangin amarya suna sa ido su ga ko zai iya riƙe 'yarsu. A irin wannan lokaci asarar jari ba damuwa ce kawai ba, barazana ce ga auren kansa. Lissafin da zai yi shi ne, idan ya faɗa miki za ki faɗa wa Mama, Mama za ta faɗa wa Baba ko wata goggo, kafin mako ya zagayo an fara cewa anya yaron nan zai iya kuwa, ko a ɗaga bikin. Ina kyautata zaton kwanakin da ya ɓace yana yawon neman bashi ne da bin direbobi, kuma duk lokacin da ya ga kiranki abin da yake ji shi ne kunyar ba shi da amsar da zai ba ki.

Abu na biyu da muke tsoro shi ne gori. Kusan kowane namiji ya taɓa ji ko ya taɓa gani, a gidansu ko a maƙwabta, an ɗauki maganar da miji ya faɗa a lokacin rauni an jefe shi da ita a lokacin faɗa, a gaban yara ko a gaban kishiya. A majalisa ma abin da manya suke yi wa ango huɗuba da shi ke nan, kada ka bari mace ta san samunka, kada ta ga hawayenka, za ta raina ka. Ni ban yarda da wannan huɗuba ba, domin na ga tana mayar da mutum baƙo a gidansa, yana ɗauke da hawan jini shi kaɗai matarsa tana zaton lafiya lau. Amma ki sani yana jin ta kullum, kuma muryarki ɗaya ce a cikin muryoyi da yawa.

Abin da ya buɗe bakina a gidana ƙaramin abu ne. Na taɓa faɗa wa matata cewa albashi zai makara kuma akwai bashin da ake bi na. Ba ta yi salati ta ɗora hannu a ka ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta tambaye ni nawa ne, ta ce shinkafar da ke gida za ta kai mu ƙarshen wata idan aka haɗa da garin masara, sannan ta ci gaba da abin da take yi. Na jira in ji maganar ta dawo mini daga gidansu, ba ta dawo ba. Daga nan ne na fara kawo mata manyan.

Malama Mai Islamiyya ta amsa:

Ƙanwata, abin da kike nema ba son zuciya ba ne, kuma kada wani ya sa ki ji kunyar nemansa. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 21, cewa ya halitta mana matan aure daga jinsinmu domin a natsu zuwa gare su, ya kuma sanya ƙauna da jinƙai a tsakani. Natsuwa ita ce aka fara ambata, kuma ba ta samuwa tsakanin mutum biyu da kowannensu yake ɓoye wa ɗan'uwansa halin da yake ciki.

Ga masu cewa nuna rauni ga mace yana zubar da girma, ya ishe su abin da Bukhari ya ruwaito a farkon littafinsa, cewa da wahayi ya fara sauka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koma wurin Nana Khadija zuciyarsa tana bugawa, ya ce a lulluɓe shi, sannan ya faɗa mata cewa ya ji wa kansa tsoro. Ki kuma dubi amsarta, domin darasinki yana nan. Ta bari sai da firgicin ya sauka, sannan ta tunatar da shi kyawawan halayensa, cewa yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin mai rauni, yana girmama baƙo, Allah ba zai taɓa kunyata shi ba, daga nan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal wanda yake da ilimin al'amarin. Haka kuma ya tabbata cewa ya ce wa Nana A'isha yana gane lokacin da take cikin yarda da shi da lokacin da take fushi, daga yadda take rantsuwa da Ubangijin Muhammadu ko da Ubangijin Ibrahim. Wannan lura ce ta mijin da ya san matarsa ciki da waje.

Sai dai ina tunatar da ke cewa har yanzu ba a ɗaura ba, kuma akwai kusancin da sai bayan aure yake halatta kuma yake yiwuwa. Raba dare ana hira a waya ba shi ne shaƙuwa ba, sau da yawa ma yana ruɗar matasa su zaci sun san juna alhali kalaman soyayya kawai suka yi musaya. Abin da ya kamata ku sani yanzu shi ne yadda kowannenku yake idan ya yi fushi, wa yake kai wa ƙara, me yake tsammani game da aikinki da kuɗin gida da zama da dangi. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Waɗannan tambayoyi su ma sun cancanci a zauna a yi su da rana tsaka, da sanin iyaye.

Game da ke kuma, idan rashin barci da mugun zato suna zuwar miki a kan wasu al'amuran ban da wannan, har suna hana ki aiki ko cin abinci, ki ga likita a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ki haɗa da addu'a. Ciwon fargaba ciwo ne da ake magancewa.

'Yar Tudun Wada ta dawo:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na bi shawararki na tambayi ƙanwarsa cikin hikima, ta ce idan ransa ya ɓaci yakan fita ne ya daɗe a shago, amma bai taɓa kwana yana gaba da kowa a gidan ba, kuma shi ne yake fara yi wa mutum magana. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Da ya zo ranar Juma'a na kawo masa maganar saƙon da Malam ya ba da shawara, ban kuma tayar da zancen asarar ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya amince, kuma bai san abin ya kai ni ga rashin barci ba. Daga nan shi da kansa ya faɗa mini cewa akwai ragowar bashin da yake biya, amma ya roƙe ni kada in faɗa wa mahaifiyata. A nan ne na sake shiga ruɗu, domin ban saba ɓoye mata komai ba, kuma tun ina yarinya ake gargaɗina da namijin da zai ce kada in faɗa a gida. Shin in riƙe masa, ko wannan ma alama ce da ya kamata in ji tsoro?

Hajiya Uwargida ta sake amsawa:

'Yata, ki riƙe masa wannan. Bashin kasuwa sirrinsa ne, kuma shi ne abu na farko da ya ɗauko da hannunsa ya ba ki ajiya bayan ya daɗe yana jin tsoron bayarwa. Idan ya ji maganar a bakin wani, zai yi wuya ki sake samun ta biyu. Abin da ya kamata ki tambaye shi, cikin ladabi, shi ne ko bashin zai taɓa ranar da aka sa ko wurin da za ku zauna. Idan zai taɓa, to magana ce ta manya, kuma shi ne zai tura waliyyansa su sanar da mahaifinki da bakinsu, ba ke za ki kai ba.

Gargaɗin da aka yi miki tun kina yarinya yana nan daram, amma a kan wani abu daban aka yi shi. Duk ranar da abin da ake ce miki ki ɓoye ya kasance cutarwa ce a gare ki, kamar duka, ko zagi, ko barazana, ko neman ki keɓe da shi inda bai dace ba, ko karɓar kuɗinki da kayanki, ko hana ki zuwa wurin danginki, to a ranar ki faɗa wa mahaifiyarki, ko kafin aure ne ko bayansa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ki kuma gaya masa wannan iyakar tun yanzu da bakinki, ki ga yadda zai karɓe ta.